SHIN KIRISTA ZAI RAMA?

Tunani a kan Bisharar Matiyu 5:38-48



Wata ranar Lahadi, bayan an tashi daga Misa, wani saurayi ya tsaya a bakin ƙofar coci har jama'a suka watse. Da na ga bai da niyyar tafiya, sai na ce masa, "Ɗana, lafiya?" Ya ce, "Fada, ina da magana." Muka zauna a inuwa. Daga wajen Katuru ya fito, a ƙasar Shinkafi. 'Yan bindiga sun shiga gidansu da dare sun ɗauki yayansa. Iyalin suka sayar da shanun huɗa, suka buɗe rumbu suka sayar da gero, suka ci bashi, suka kai kuɗin fansa yadda aka ce. Amma yayan bai dawo ba, ko gawarsa ba su samu sun binne ba. Daga baya suka gane cewa wanda ya nuna gidan maƙwabcinsu ne, mutumin da suka sha cin tuwo a akushi ɗaya da shi.

Sai ya dube ni ya ce, "Fada, na san shi, na san inda yake kwana. Abokaina sun ce in ba su izini kawai, kafin mako ya zagayo an gama. Ku kuma kullum kuna ce mana mu yafe. To, in na yafe, jinin yayana ya tafi a banza ke nan?"

'Yan'uwana, ban iya ba shi amsa nan take ba, gama akwai tambayar da saurin amsa mata raini ne ga mai yin ta. Na kuma san ba shi kaɗai ke ɗauke da ita ba. Tana cikin zukatan mutane da yawa a Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi, Kirista da Musulmi. Saboda haka na ga ya kamata mu dube ta tare a gaban Maganar Allah.

ABIN DA IDONMU YA GANI

Bahaushe ya ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Akwai kuma masu cewa rama cuta ga macuci ibada ne. Da irin waɗannan maganganu muka tashi, kuma zuciyar ɗan Adam tana jin daɗinsu. Amma mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar wani ya zo daga nesa ya gaya mana inda ramuwa take kai al'umma, domin mun gani da idonmu.

Dattawanmu suna tuna lokacin da manomi da makiyayi suke zaune tare, Bafulatani ya sauka a gonar Bahaushe bayan girbi shanu su bar masa taki, matar ruga ta kawo nono ta koma da hatsi. Saɓani yakan faru, amma akan kashe shi a gaban mai gari da arɗo. Sannu a hankali aka cinye burtali da makiyaya aka mai da su gonaki, satar shanu ta yawaita, wanda aka zalunta ya kai ƙara ya dawo da baƙin ciki fiye da wanda ya tafi da shi. Da mutane suka yanke ƙauna ga hukuma, sai kowa ya zama alƙalin kansa. 'Yan sa-kai suka tashi domin kare garuruwa, amma wasu daga cikinsu suka shiga kama mutum a tsakiyar kasuwa suna yanke masa hukuncin kisa, ba shaida ba shari'a, wani lokaci laifinsa kawai shi ne Bafulatani ne. 'Yan'uwan wanda aka kashe kuma suka shiga daji suka nemi bindiga, suka dawo suka ƙone gari sukutum, har da jariri da tsohuwa waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Daga nan ɓarayi na gaske suka sami mafaka, suka mai da satar mutane sana'a, suna fakewa da cewa ramuwa suke yi.

A watan Afrilu na 2014 aka auka wa taron 'yan sa-kai a 'Yar Galadima ta ƙasar Maru, aka kashe mutanen da wasu rahotanni suka ce sun haura 100. A watan Fabrairu na 2018 aka yi wa Birane ta ƙasar Zurmi irin wannan ɓarna. A watan Yuni na 2021 'yan sanda suka tabbatar da kisan mutum 53 a Kadawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, nan ma a ƙasar Zurmi. A watan Oktoba na wannan shekarar, a jihar Sakkwato, 'yan sa-kai suka kashe mutum 11 a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa, kafin watan ya ƙare kuma 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe fiye da 40. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Muhammad Dahiru Abubakar, ya ƙidaya mutum 6,319 da aka kashe a jihar tsakanin 2011 da 2019, da mata 4,983 da suka rasa mazajensu, da marayu 25,050. Tun daga lokacin kuma jini bai daina zuba ba.

Ku lura da abu guda. A kowane mataki na wannan tarihi, wanda ya ɗauki makami yana da labarin zaluncin da aka yi masa, kuma sau da yawa labarin gaskiya ne. Wannan an sace masa shanu, wancan an kashe masa uba. Duk da haka babu ko ɗaya da ramuwarsa ta dawo masa da abin da ya rasa. Abin da ta haifar shi ne wani sabon maraya, wanda zai girma da nasa labarin, da nasa dalilin ɗaukar bindiga.

DAGA LAMEK ZUWA KAN DUTSE

Wannan cuta tsohuwa ce. A sura ta 4 ta Littafin Farawa, bayan Kayinu ya kashe ƙanensa Habila, mun gamu da Lamek, ɗaya daga cikin zuriyarsa, yana yi wa matansa biyu kirari cewa ya kashe mutum don kawai ya ji masa rauni, yana kuma alfahari cewa tasa ramuwar za ta kai sau 77. A sura ta 34 kuma, da ɗan sarkin Shekem ya ɓata Dinatu 'yar Yakubu, sai 'yan'uwanta Saminu da Lawi suka yaudari mutanen garin, suka shiga da takobi suka karkashe mazajen duka. Mutum ɗaya ya yi laifin, gari guda ya biya. Yakubu bai yaba musu ba. Ya ce sun jawo masa baƙin jini a ƙasar, har a kan gadon mutuwarsa, a sura ta 49, bai manta da la'antar fushin nan nasu ba.

Saboda irin wannan ne Shari'ar Musa ta kawo dokar ƙisasi, wadda muke karantawa a Fitowa 21. Mutane da yawa suna ɗaukarta izinin ramuwa ce, alhali kuwa linzami ce aka sa wa ramuwa. Nufinta shi ne hukunci ya tsaya daidai da laifi, ya tsaya a kan mai laifin shi kaɗai, kuma alƙali ne zai yanke shi. Ko a wannan ma'auni na Tsohon Alkawari, abin da ake yi a dazukanmu da kasuwanninmu ya faɗi warwas. Littafin Firistoci kuma, a sura ta 19, ya riga ya hana Ba'isra'ile riƙe ɗan'uwansa a zuciya ko ɗaukar fansa a kansa.

Da Ubangijinmu ya hau dutse ya koyar da almajiransa, sai ya kai maganar ƙarshenta. Ya ce wa wanda aka mara a kuncin dama ya juya ɗayan. Ya ce wa wanda aka kai ƙara don a karɓe masa taguwa ya bar musu har da mayafi. Ya ce wa wanda aka tilasta wa ɗaukar kaya tafiyar mil guda ya ƙara na biyu. Sa'an nan ya umarce mu da ƙaunar maƙiyi da yi wa mai tsananta mana addu'a. Dalilin da ya bayar shi ne halin Uba na Sama, wanda ranarsa take fitowa a kan mugu da nagari, ruwansa kuma yake sauka a gonar mai adalci da ta azzalumi. Mu manoma mun san gaskiyar wannan. Idan hadari ya taso daga gabas, ba ya tsallake gonar ɓarawo. A sura ta 18 ta wannan Bishara kuma, da Bitrus ya tambayi iyakar gafara yana tsammanin sau 7 ya isa, Ubangiji ya ɗauki lissafin nan na Lamek ya juya shi. Yawan da Lamek ya ba ramuwa, shi Yesu ya ba gafara.

JUYA KUNCI BA TSORO BA NE

A nan ne wasunmu suke tuntuɓe. Suna cewa wannan koyarwa ta mai da Kirista abin tattakawa, ta kuma ba azzalumi ƙarfin gwiwa. Bari mu duba da kyau.

Wanda ya mari mutum a kuncin dama, in da hannun dama ya yi, to da bayan hannu ya mare shi, kuma a wancan zamani wannan marin raini ne, irin na ubangida ga bawa. Wanda aka mara yana da hanyoyi biyu da kowa ya sani, ko ya rama ko ya sunkuyar da kai ya gudu. Yesu ya buɗe ta uku: ka tsaya a inda kake, ka dubi mai marinka ido da ido, ka ƙi ramawa, ka kuma ƙi gudu. Wannan yana bukatar ƙarfin zuciya fiye da zare wuƙa. Kowane yaro yana iya ramawa. Riƙe hannu a sa'ad da jini yake tafasa, sai namijin gaske, sai macen gaske.

Shi kansa Ubangiji ya nuna mana yadda ake yi. A Yahaya 18, da wani dogarin babban firist ya mare shi, bai rama ba, amma bai yi shiru ba. Ya nemi mutumin ya faɗi laifin da ke cikin maganarsa, in kuwa babu, ya faɗi dalilin marin. Manzo Bulus ma, da aka yi musu bulala a Filibi ba bisa doka ba, ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye, sai da mahukunta suka zo da kansu suka ba su haƙuri. Ashe neman haƙƙi bai saɓa wa Bishara ba.

Saboda haka Ikilisiya Uwarmu ta bambanta abubuwa uku waɗanda muke yawan cuɗawa. Na farko, kāre rai. Littafin Katikizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya koyar daga lamba 2263 zuwa 2265 cewa mutum yana da ikon kāre ransa daga mai kawo masa hari, har ma wajibi ne a kan wanda rayukan wasu ke hannunsa. Magidancin da ya tare ƙofa don kada a shiga a ɗauki 'ya'yansa bai yi zunubi ba. Na biyu, shari'a. A Romawa 13 Bulus ya ce hukuma ce aka ba takobi domin ta hukunta mai mugunta. Kai ƙara, ba da shaida, matsa wa gwamnati lamba ta yi aikinta, duk aikin Kirista ne. Na uku shi ne ramuwa, wato bayan haɗari ya wuce ka zauna ka shirya yadda za ka sa wani ya ɗanɗani abin da ka ɗanɗana. Wannan ce Ubangiji ya hana, kuma Katikizim a lamba 2302 ya ce fushin da ya kai mutum ga nufin kashe maƙwabcinsa zunubi ne mai kisa.

Na san abin da za ku ce: "Fada, ina hukumar take? Mun kai ƙara, an kama mutum, bayan kwana uku mun gan shi a kasuwa." Gaskiya ne, kuma alhakin wannan yana wuyan waɗanda aka ba amana suka ci. Ba za mu gaji da faɗa musu ba. Amma gazawar alƙali ba ta naɗa ni alƙali. Idan na yanke hukunci da hannuna, ni ne mai ƙara, ni ne shaida, ni ne hauni, kuma fushi ne yake riƙe da ma'aunin. Mutum nawa aka kashe a wannan yanki da sunan masu kai wa 'yan bindiga labari, daga baya aka gane ƙazafi ne, ko tsohuwar gaba ce ta gona ko ta neman aure? Kabari ba ya buɗewa don an gano kuskure. A Romawa 12 Manzo ya tuna mana cewa sakayya ta Allah ce. Wannan alkawari ne cewa babu jinin da zai tafi a banza. Muryar jinin Habila ta kai ga Allah daga ƙasa, ta yayan saurayin nan ma ta kai. Alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi.

SHAIDU NA ZAMANINMU

Kada wani ya ce wannan koyarwa ta waliyyan dā ce kawai. Ran 13 ga Mayu 1981 wani mutum mai suna Mehmet Ali Agca ya harbi Paparoma Yahaya Bulus na Biyu a dandalin Waliyyi Bitrus a Roma. Tun yana gadon asibiti ya sanar da duniya cewa ya yafe masa. Wata tara bayan harbin, a Fabrairu 1982, ya zo Kaduna, dattawanmu da yawa sun je sun gan shi. A watan Disamba na 1983 kuma ya shiga kurkuku ya zauna da wanda ya harbe shi suka yi magana. Ku lura, gafarar Paparoma ba ta rushe shari'a ba, mutumin ya ci gaba da zaman kurkukunsa shekaru masu yawa. Gafara da adalci sun tafi tare.

A nan gida kuma muna da ɗanmu Michael Nnadi, ɗan wannan Dayosis ta Sakkwato. Ran 8 ga Janairu 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da firistoci ta Makiyayi Mai Kyau a Kaduna, suka ɗauki ɗalibai huɗu. Uku sun dawo, Michael kuwa aka kashe shi yana da shekara 18. Da aka kama waɗanda ake zargi, ɗaya daga cikinsu ya gaya wa 'yan jarida cewa yaron bai daina yi masa wa'azi ba, yana kiransa ya bar mugun aikinsa. Yaro a hannun masu bindiga, ba shi da sanda ko tsinke, amma ya ga mai tsaronsa a matsayin rai da za a iya ceta.

A watan Mayu na 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi. A watan Mayu na 2022 aka kashe ɗaliba Deborah a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, bayan kwana biyu kuma wasu matasa suka kai hari a babban cocinmu na Iyali Mai Tsarki. Zukata sun yi zafi ƙwarai a waɗannan kwanaki. Amma Babanmu Bishop Matthew Hassan Kukah ya nemi a hukunta masu laifi bisa doka, ya kuma roƙi Kirista su kwantar da hankali, fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ita ma ta yi tir da kisan. Da an biye wa zuciya a wannan mako, Allah kaɗai ya san gawa nawa za a ƙirga.

Ku tuna kuma da Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna. A rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992 suna gaba da juna, Fasto ya rasa hannunsa na dama, Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Kowannensu yana da dalilin neman ran ɗayan. Amma daga 1995 suka fara aiki tare, suka zama masu sasanta al'ummomi a ciki da wajen Nijeriya. Haka kuma a watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar na ƙasar Barikin Ladi, Liman Abdullahi Abubakar ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya hana su shiga. Duk wanda zai ce "Musulmi duka" ko "Fulani duka", to ya tuna da wannan dattijo tukuna. Ya kuma tuna cewa mafi yawan waɗanda aka binne a Zamfara Musulmi ne, kuma akwai Fulani da yawa da aka kwashe musu garke aka bar su da sanda.

AIKIN ABIGAIL

To, me za mu yi? Ina so mu ɗauki darasi daga sura ta 25 ta Littafin Sama'ila na Ɗaya, gama labarin kamar a ƙasarmu ya faru. Nabal attajiri ne mai tumaki 3,000 da awaki 1,000. Mutanen Dawuda sun tsare masa makiyayansa a jeji, ba abin da ya ɓata. Da Dawuda ya aika neman abinci a ranar sausayar tumaki, Nabal ya mayar masa da zagi. Dawuda ya fusata, ya ɗauki mutum 400 da takuba, ya rantse ba zai bar namiji ko ɗaya da rai a gidan ba. Sai wani bara ya gaya wa Abigail matar Nabal. Ta yi maza ta ɗora abinci a kan jakuna, ta tare Dawuda a hanya, ta durƙusa ta roƙe shi. Ta tuna masa cewa wata rana zai zama sarki, kada ya hau gadon da nauyin jinin marasa laifi a zuciyarsa. Dawuda ya saurara, ya gode wa Allah da ya aiko ta, ya mai da takobi kube.

Dawuda mutumin Allah ne, amma da ba a tare shi ba da ya yi kisan gilla. Kowannenmu yana da ranar da yake bukatar mai tare shi. Saboda haka ina kira gare ku, iyayenmu mata na Zumuntar Mata Katolika, ku ne kuka fi sanin abin da ake ƙullawa a ɗaka. Uwa ta san ranar da ɗanta ya daina cin abinci ya fara fita da dare. Kada ku zuga, kada ku ce wa yaro, "Da ubanka namiji ya haifa da ya rama masa." Ku tare hanya kamar Abigail. Ku katikis da dattawan ikilisiya, idan kun ji ana shirya wani abu, ku je ku zauna da matasan, ku kuma sanar da mu.

Ku matasa, ku kiyayi abin da kuke turawa a waya. Hoton gawa da ba ku san inda aka ɗauke shi ba, da muryar da ke cewa a tashi a far wa wata ƙabila, duk itace ne ake ƙara wa wuta. Wanda ya shiga aikin tsaron gari kuma, ya yi shi a ƙarƙashin hukuma, ya miƙa wanda aka kama ga hukuma, kada ya taɓa wanda ya riga ya faɗi a hannunsa.

Ku magidanta, ku lura da abin da kuke faɗa a gaban yara. Yaron da ya tashi yana jin ana kiran wata ƙabila da sunan dabba, ba zai ji nauyin zubar da jininta ba. Ku ci gaba da gaisawa da maƙwabta, ku je ta'aziyya, ku je barka. Mai gudun hijira in ya zo ƙofarku, ku ba shi ruwa kafin ku tambayi addininsa.

Ku kuma da aka yi wa rauni, ba na ce ku manta ba, ba na kuma ce ku daina kuka ba. Uwarmu Maryamu ta tsaya a gindin gicciye tana kallon abin da aka yi wa ɗanta, zuciyarta kuwa ta soku. Gafara ba ta nufin ka ce abin da aka yi ba kome ba ne, ba ta kuma tilasta maka ka sāke amincewa da maci amana. Farkonta shi ne ka yanke shawara a gaban Allah cewa hannunka ba zai rama ba. Zuciya takan biyo baya a hankali, wani lokaci bayan shekaru. Wanda bai iya cewa ya yafe ba tukuna, ya roƙi Allah ya ba shi nufin yafewa. Ya zo ga sakramentin tuba ya sauke kayan. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

KOMAWA GA SAURAYIN

A ƙarshen zamanmu a ranar nan na tambayi saurayin, "Ɗana, mutumin nan yana da 'ya'ya?" Ya ce yana da su, har da namiji ɗan shekara kamar goma. Na ce, "In an gama da uban, wa yaron zai nema in ya girma?" Ya yi shiru. Na ce masa, "Mahaifiyarka ta rasa ɗa guda. Kada ka sa ta rasa na biyu, ko a kabari ko a kurkuku ko a daji." Na yi masa alkawari za mu tafi tare mu kai maganar gaban hukuma, muka kuwa je. Ba zan ruɗe ku ba, har yanzu ba a yi masa adalcin da ya kamata ba.

Bayan wasu makonni ya dawo ya ce mini, "Fada, na gaya wa abokaina su bari. Amma ban yafe ba. In muna Addu'ar Ubangiji, muka zo wurin da muke roƙon gafara gwargwadon yadda muke yi wa wasu, bakina yakan rufe." Na ce masa, "Ɗana, ka ci gaba da zuwa. In ka yi shiru a wurin, ikilisiya za ta faɗa a madadinka, har ranar da za ka iya faɗa da bakinka." Saboda haka, 'yan'uwana, idan kun zo wannan wuri a Misa, ku ɗaga murya, gama wataƙila na kusa da ku ya dogara da muryarku. Akwai yaro ɗan shekara goma a ƙasar Shinkafi wanda bai zama maraya ba, bai kuma san dalili ba.

Mu yi addu'a. Ya Allah Uba Mai Iko Duka, wanda Ɗanka ya roƙa wa masu gicciye shi gafara, ka dubi ƙasarmu da ta sha jini. Ka ba matattunmu hutawa ta har abada, ka ta'azantar da gwauraye da marayu, ka komo da waɗanda ke tsare a daji. Ka ba shugabanninmu tsoronka domin su yi adalci. Ka juyo da zukatan masu bindiga su tuba. Mu kuma ka riƙe hannuwanmu a ranar fushi, ka koya mana rinjayar mugunta da nagarta. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Maryamu Sarauniyar Salama, ki yi addu'a dominmu.